SISTA CORITA KENT: 'YAR ZUHUDU MAI BUGA ZANE

An haifi Frances Elizabeth Kent ran 20 ga Nuwamba 1918 a jihar Iowa ta ƙasar Amurka, cikin gidan 'yan Katolika. A 1936 ta shiga ƙungiyar sistoci ta Zuciyar Maryamu Marar Aibi a birnin Los Angeles, aka raɗa mata suna Sista Mary Corita. Ta koyar da zane a kwalejin ƙungiyar, har ta zama shugabar sashen a 1964.

Sana'ar da ta fi ƙwarewa a kai ita ce buga zane. Akan ɗaure ƙyallen siliki a jikin katako, a toshe wuraren da ba a son launi ya ratsa, sa'an nan a matse fenti ta cikinsa ya sauka kan takarda. Ko wane launi da nasa bugun. Ta haka zane ɗaya sai ya fita da yawa, kuma da araha, har mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Abin da Sista Corita take so ke nan.

Daga 1962 ta fara ɗauko kalmomin tallar burodi da kayan kanti, tana haɗa su da ayoyin Littafi Mai Tsarki, tana jawo hankali ga yunwa, wariyar launin fata da yaƙin Biyetnam. Wannan bai yi wa Kadinal James McIntyre na Los Angeles daɗi ba, ya matsa wa ƙungiyar lamba. A 1968, bayan shekara 32, ta bar ƙungiyar a gajiye, ta koma Boston da zama.

A can zanenta ya ƙara sauƙi. A 1971 ta ja layuka shida masu launin bakan gizo, kamar an shafa su da burushi a ja ɗaya, aka zana su a jikin wani ƙaton tankin gas. Haka kuma kan sarki na ƙauna da ta zana, wanda ya fito a 1985, an sayar da fiye da miliyan 700.

Ciwon daji ya kama ta a 1974, amma ba ta ajiye aiki ba, har ta rasu ran 18 ga Satumba 1986. Ta bar bugun zane kusan 800.

Baiwar da Ubangiji ya ba ta, ba ta binne ta a ƙasa ba. Mu fa, 'yan'uwa, me muka yi da tamu?