Joe Strummer da kundin da duniya ta yi wa kunnen uwar shegu

A ranar 22 ga Disamban 2002 ne Joe Strummer, tsohon jagoran ƙungiyar mawaƙa ta The Clash, ya rasu a gidansa da ke ƙauyen Broomfield a yankin Somerset na Ingila, yana da shekara 50. Wata lalurar zuciya da aka haife shi da ita, wadda ba a taɓa gano ta ba, ita ce ajalinsa. Jaridun da suka yi ta'aziyyarsa sun fi mayar da hankali ga ƙuruciyarsa da waƙoƙin da ya yi tashe da su. Kaɗan ne suka tsaya a kan Global a Go-Go, kundin ƙarshe da ya fitar da ransa, alhali a cikinsa ne ya fi bayyana ko shi wane ne.

Ɗan jami'in diflomasiyya

Sunansa na yanka John Graham Mellor. An haife shi a Ankara, babban birnin Turkiyya, a ranar 21 ga Agustan 1952. Mahaifinsa, wanda shi kansa haifaffen Indiya ne, ma'aikaci ne a hukumar harkokin wajen Birtaniya, mahaifiyarsa kuwa ma'aikaciyar jinya ce 'yar asalin Sikotlan. Aikin uban ya sa yaron ya zauna a Alƙahira da birnin Meziko da Bonn ta Jamus tun bai mallaki hankalinsa ba. Yana da shekara tara aka kai shi makarantar kwana a Ingila tare da yayansa Dauda, wato David, suka riƙa daɗewa ba su ga iyayensu ba.

A 1970 yayan nasa, wanda ya riga ya karkata ga ƙungiyar National Front mai ƙyamar baƙi, ya kashe kansa. Wannan rashi ya girgiza ƙanen matuƙa, kuma hanyar da ya bi daga baya ta yi hannun riga da wadda yayan ya ɗauka. Ya bar karatun zane bai kammala ba, ya shiga yin kiɗa a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan tare da wani abokinsa mai suna Tymon Dogg. Daga yadda yake kaɗa jita ne laƙabin Strummer ya samo asali.

Tashen The Clash

A 1976 ya bar ƙungiyarsa, The 101ers, ya haɗu da Mick Jones da Paul Simonon suka kafa The Clash, daga baya Topper Headon ya shigo a matsayin mai ganga. Lokacin ne salon pank, wani reshe na kiɗan rok mai zafi da tsawa, yake bazuwa a tsakanin matasan Birtaniya da rashin aikin yi ya addaba. Abin da ya bambanta The Clash da takwarorinta shi ne siyasa da kuma buɗaɗɗen kunne. Sun ɗauko rege daga 'yan Jamaika mazauna Landan, sun kuma hau dandamali a babban gangamin adawa da wariyar launin fata da aka yi a Victoria Park a watan Afrilun 1978.

Kundinsu na London Calling na 1979 har yau ana lissafa shi cikin mafiya daraja a tarihin rok, Combat Rock na 1982 kuma ya kai su ƙololuwar kasuwa a Amurka. Sai dai ɗaukaka ta zo da ɓaraka. An sallami Headon a 1982 saboda shan miyagun ƙwayoyi, aka kori Jones a 1983, kundin da ya biyo baya a 1985 ya sha suka, ƙungiyar ta watse a 1986.

Shekarun ɓuya

Abin da ya biyo baya shekaru ne na laluben hanya. Strummer ya yi zama a Sifaniya, ya tsara kiɗan fim ɗin Walker a 1987, ya fito a fim ɗin Mystery Train a 1989. A wannan shekarar ya fitar da kundin kansa, Earthquake Weather, bai samu kasuwa ba, dangantakarsa da kamfanin faifansa ta yi tsami. Shekara goma cur bai sake fitar da cikakken kundin waƙoƙi ba. A 1991 wata tsohuwar waƙar The Clash ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya albarkacin tallar wando, abin da ya nuna cewa kasuwa tana son jiyansa fiye da yau ɗinsa.

Farfaɗowarsa ta biyo ta rediyo. Daga 1998 ya fara gabatar da shiri mai suna London Calling a sashen Turanci na BBC mai watsa shirye-shirye ga duniya, inda yake sanya faya-fayen da ya tara daga Afirka da Kudancin Amurka da Jamaika da sauran sassa. A 1999 ya dawo da sabuwar ƙungiya, The Mescaleros, ta mawaƙan da akasarinsu ya girme su nesa ba kusa ba.

Kundin da aka tsallake

Global a Go-Go, kundi na biyu na wannan ƙungiya, ya fito a watan Yulin 2001 ta hannun Hellcat, wani ƙaramin kamfani na Kalifoniya. Waƙoƙi 11 ne a ciki. Mai neman tsawar jitar The Clash ba zai same ta da yawa ba. A maimakonta akwai gogen Turawa da tsohon abokinsa Tymon Dogg yake gogawa, da sarewa, da gangunan hannu, da salon kaɗa jita irin na Afirka.

Waƙar da aka sa wa kundin sunanta yabo ce ga rediyo, wannan akwati da ke tsallake iyakokin ƙasashe ba fasfo. A ciki ya ambaci Ali Farka Toure na Mali da Baaba Maal na Senegal a jeri ɗaya da manyan mawaƙan Amurka da Jamaika, bai fifita wani a kan wani ba. Bhindi Bhagee kuwa ta samo sunanta daga wani abincin Indiya da ake yi da kuɓewa. Labarin wani baƙo ne daga New Zealand da ya sauka a Landan yana cigiyar abincin gargajiyar Ingila, aka shiga lissafa masa girke-girken al'ummomin da suka cika unguwar. Cikin raha Strummer ya nuna cewa baƙin nan su ne Landan ta yau.

Mafi nauyi ita ce Shaktar Donetsk, labarin wani mutumin Masedoniya da ya biya masu fasa-ƙwaurin mutane aka ɓoye shi a bayan babbar mota don shiga Birtaniya. Shekara guda kafin fitar kundin, a Yunin 2000, an tarar da gawarwakin 'yan China 58 a cikin wata babbar mota a tashar ruwa ta Dover. A daidai lokacin da wasu jaridun ƙasar ke zuga jama'a a kan masu neman mafaka, shi ya zaɓi ya ba da labarin daga ɓangaren wanda ke cikin motar. Kundin ya rufe da Minstrel Boy, tsohon kiɗan Ailan da suka ja har sama da minti 17, wanda aka yi amfani da wani gajeren nau'insa a fim ɗin Black Hawk Down.

Masu sharhi da dama sun yaba, amma ciniki bai taka kara ya karya ba. Manyan gidajen rediyon kasuwa ba su da gurbin kiɗan da ba a san rukunin da za a sa shi ba, masoya na da kuma dawowar The Clash suke jira. Fim ɗin Let's Rock Again! na Dick Rude ya nuna Strummer yana bin gidajen rediyo a Amurka yana gabatar da kansa, yana kuma raba takardun gayyata da ya rubuta da hannu ga masu wucewa a Atlantic City. Mutumin da ya taɓa cika manyan filayen wasa bai ɗauki hakan a matsayin faɗuwar girma ba.

Ƙarshen tafiya

A ranar 15 ga Nuwamban 2002 The Mescaleros suka yi wasa a Acton da ke Landan don tallafa wa 'yan kwana-kwana masu yajin aiki. A daren ne Mick Jones ya hau dandamali suka yi waƙa tare, karo na farko cikin kusan shekara 20. Bayan mako biyar Strummer ya rasu. A Maris ɗin 2003 aka shigar da The Clash zauren karrama gwarazan rok na Amurka, a Oktoba kuma abokan aikinsa suka fitar da Streetcore, kundin da ya bari bai kammala ba.

Shekara sama da 20 bayan haka, batun ƙananan jiragen ruwa da masu neman mafaka yana nan a tsakiyar siyasar Birtaniya. Wanda ya koma ya saurari Global a Go-Go zai tarar cewa tun 2001 ɗan jami'in diflomasiyyar nan da aka haifa a Ankara ya faɗi ɓangaren da yake.