Waziri Giɗaɗo Ɗan Laima, Wanda Ya Tsare Asalin Gidajen Sakkwato

Garin Wamakko yana bakin gulbi ne, yamma da birnin Sakkwato, kuma duk inda mutum ya fuskanta daga can sai ya yi ido biyu da wani gida mai tarihi. Ta arewa maso gabas ga Kware, inda Isa autan Shehu ya zauna. Ta yamma ga Silame, garin Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1867 zuwa 1873. Ta kudu ga Boɗinga da Sifawa, mazaunin Malam Abdullahi da na Shehu Usmanu kansa kafin ya koma Sakkwato a 1815. Can gaba kuma ga Yabo ta Muhammadu Moyijo, da Binji ta zuriyar Sarkin Yaƙi Aliyu Jeɗo. A kowane ɗaya daga waɗannan garuruwa akwai dattawan da za su jero wa mai tambaya kakanninsu tun daga zamanin jihadi, ba tare da sun yi tuntuɓe ba. To, amma baki yakan manta, yakan kuma ƙara gishiri. In gardama ta tashi a kan wane ne ya haifi wane, ko wa ya yi wa Shehu ladanci, takarda ake komawa. Cikin mutanen farko da suka zauna suka rubuta waɗannan sunaye kuwa, babu kamar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima.

Sunansa na yanka Usmanu, mahaifinsa kuwa Abubakar, wanda aka fi sani da Sambo Laima. Giɗaɗo laƙabi ne na Fillanci, ma'anarsa abin ƙauna, shi ne kuma ya danne sunan yankan har aka kusa mantawa da shi. An haife shi a wajajen 1776, watau ya girmi Muhammadu Bello da 'yan shekaru kaɗan. Ya tashi cikin jama'ar Shehu, ya yi karatu a cikinta, kuma tun suna samari abota ta ƙullu tsakaninsa da Bello, abotar da ba ta yanke ba sai da mutuwa ta raba.

Sa'ad da aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, Giɗaɗo yana ɗan shekara ashirin da wani abu. Ya ga shekarun nan masu tsanani da idonsa: nasarar Tabkin Kwatto, asarar da aka yi a Tsuntsuwa inda mahaddata Alƙur'ani da yawa suka yi shahada, yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808. Wannan yana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin mutanen da ya rubuta sunayensu bayan shekara talatin ba labarinsu ya ji ba. Ya ci abinci da su, ya yi sahu da su a salla, ya kuma tsaya a kan kabarin waɗansunsu.

A wajajen 1807 aka ɗaura masa aure da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793. Da wannan aure ya zama surukin Shehu, abokin Bello kuma mijin ƙanwarsa. Daga cikin 'ya'yan da suka haifa akwai Abdulƙadir da Ahmadu da Abdullahi, kuma ta kansu ne gidan Waziri ya yaɗu. Unguwar da suka zauna a birnin Sakkwato, kusa da gidan Sarkin Musulmi, har yau sunansa take amsawa, watau Giɗaɗawa.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Lokacin ba mai sauƙi ba ne. Malam Abdullahi, wanda shi ne babban wazirin Shehu, ya koma Gwandu ransa ba daɗi, Abdussalami ya yi tawaye a Kware, waɗansu ƙasashe kuma suka juya baya. A cikin wannan hali ne Bello ya jingina da abokinsa na ƙuruciya, Giɗaɗo ya zama wazirinsa. A takardun Larabci akan kira mai wannan muƙami Amirul Masalihi, watau mai kula da maslahar jama'a. Aikin ya ƙunshi rubuta wasiƙun Sarkin Musulmi da karɓar amsoshinsu, da saukar da baƙi, da tafiya rangadi zuwa ƙasashen gabas, musamman Kano da Zazzau, don sasanta rigima da isar da umarni. Ma'aikacin gwamnati na yau zai gane wannan aiki nan take: ofis ne da ba ya tafiya sai da takarda, da hatimi, da ajiya. Mutumin da ya shekara ashirin yana wannan aiki dole ya san kowane gida, da wanda ya kafa shi, da wanda ya gaje shi.

Wani abin sha'awa shi ne, hoton Giɗaɗo mafi bayyana da ya iso ga mutanen yanzu daga alƙalamin baƙo ya fito. A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Kilafatan, wanda gwamnatin Ingila ta aiko, ya iso Sakkwato ta hanyar Barno da Kano, aka sauke shi a hannun Waziri. Ya zauna kusan wata biyu. A littafin tafiyarsa ya kwatanta mai masaukinsa da dattijo mai ladabi da karamci. Ya ba da labarin wani sabon masallaci da ake ginawa a birnin da kuɗin Waziri, babban maginin kuwa mutumin Zazzau ne. Ya kuma ba da labarin da ya fi wannan taɓa zuciya: yana nan a garin cutar agana ta kashe wani ɗan Giɗaɗo da yake matuƙar so, wanda 'yar'uwar Bello ta haifa masa, baƙon ya ga yadda baƙin ciki ya kama uban.

Zuwan Baturen na biyu, a ƙarshen 1826, bai yi daɗi kamar na farko ba. Ya tarar ana yaƙi tsakanin Sakkwato da Shehu Laminu na Barno, ga shi kuwa yana ɗauke da wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, zuwa Barno ɗin. Bello ya hana su wucewa, kuma Waziri yana cikin waɗanda aka ɗora wa isar da wannan magana mai ɗaci ga mutumin da ya taɓa saukarwa a gidansa. Baturen ya fusata ƙwarai. Amma wanda ya dubi al'amarin da idon basira zai ga babu wata hukuma, ko a wancan zamani ko a wannan, da za ta bar baƙo ya ratsa ƙasarta da bindigogi zuwa ga abokin gabarta. Kilafatan ya kwanta ciwo, ya mutu a Sakkwato ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Landa ya koma da takardunsa Ingila.

Sarkin Musulmi Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoba na 1837, aka binne shi a can, ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Giɗaɗo ya ci gaba da riƙe sunan Waziri, amma kusancin da ke tsakaninsa da Bello bai samu irinsa wurin Atiku ba, ga kuma tsufa ya kama shi, ya haura sittin. A nan ne ya juya ga aikin da ya fi dukan ayyukansa daɗewa. Ya duba ya ga waɗanda suka yi hijira suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, yaran da suka taso a Sakkwato da Wurno kuwa ba su san Ɗegel ba, ba su san Gudu ba. Sai ya ɗauki alƙalami.

A 1838, shekara guda bayan rasuwar abokinsa, ya rubuta Alkashfu wal Bayan, a kan halayen Bello da rayuwarsa. Ya kuma tattara sunayen abokan Bello da mataimakansa a wani littafi dabam. Amma wanda ya fi shahara cikin littattafansa shi ne Raudul Jinan, a kan Shehu Usmanu. Mai karatu da ya buɗe shi zai fara cin karo da karamomin Shehu, waɗanda su ne suka sa littafin ya shiga hannun jama'a, ana kwafarsa ana karantawa a zaure. Masu binciken tarihi kuwa abin da suka fi nema a cikinsa shi ne jerin sunaye: matan Shehu da 'ya'yansa maza da mata, da almajiransa, da alƙalai da limamai da ladanai, har da masu yi masa hidima a gida. Jerin suna ba abin daɗin karatu ba ne, gaskiya. Amma da shi ne ake gane cewa Bello da Atiku uwarsu ɗaya, watau Hauwa'u, alhali Asma'u 'yar Maimuna ce. Da irinsa ne kuma ake bin sawun yadda zuriyar Bello ta zauna a Wurno da Raba, ta Atiku a Gwadabawa da Danchadi, ta Muhammadu Buhari a Tambuwal. A ƙasar da sarauta ke bin gida, aure kuma ke ƙulla gida da gida, wannan sani ba na nishaɗi ba ne. Da shi ake shiga takarar gadon sarauta, da shi kuma ake fitar da mutum daga cikinta.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. A daidai waɗannan shekaru Nana Asma'u tana tsara tarihin jihadin da na mahaifinta a waƙe, da Fillanci da Larabci, daga baya waɗansu suka shiga Hausa, don matan ƙauye da ba su iya karatun Larabci ba su haddace. Miji yana rubuta wa malamai a zube, mata tana isar da abu ɗaya ga 'yan taru ta bakin jajis. Samun gida guda da ya riƙe tarihin ƙasa ta waɗannan hanyoyi biyu abu ne mai wuya a ko'ina.

Duk da haka, ɗalibin da zai yi aiki da littattafan Giɗaɗo ya kamata ya san iyakarsu. Mutumin cikin gida ne ya rubuta su, mai ƙaunar waɗanda yake ba da labarinsu, kuma nufinsa shi ne na baya su yi koyi da na gaba. Ba a jin muryar Gobirawa ko Kabawa a ciki, sai dai a matsayin abokan gaba. Manoman fadama da masunta da makiyayan da suka cika ƙauyukan bakin gulbi irin su Wamakko da Dundaye, da bayin da aka zaunar a gandaye, ba su samu shiga jerin ba, sai wanda hidimarsa ta kai shi ƙofar Shehu ko ta Bello. Asalin irin waɗannan gidaje yana bakin tsofaffi da maroƙa ne, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Wannan giɓi ne da ya rage ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, mazauninta na dindindin kuma yana cikin ƙasar Wamakko ɗin, tsakiyar ƙauyukan da ake magana.

Da Atiku ya rasu a 1842 aka naɗa Aliyu Babba ɗan Bello, sai wazirci ya koma hannun Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo, uban yana da rai. Watau ɗan Bello a kan gado, ɗan Giɗaɗo a gefensa, kamar yadda iyayensu suka zauna. Tsohon Waziri ya ƙare kwanakinsa yana karatu da rubutu da kula da iyalan Shehu, ya rasu a wajajen 1850. Asma'u ta yi masa marsiya da Fillanci, ta kuma rayu bayansa fiye da shekara goma. Allah ya ji ƙansu.

Muƙamin bai bar gidansa ba. Bayan Abdulƙadir sai ɗansa Ibrahim Halilu a 1859, sai Abdullahi Bayero ɗan Giɗaɗo, sa'an nan Muhammadu Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo a 1886. Buhari ne ya sha ɗacin ranar 15 ga Maris 1903 da Turawa suka ci Sakkwato: Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas, shi kuwa ya komo birni da sauran jama'a, daga baya ya rubuta wa malamai takarda yana bayyana hujjarsa ta yin haka. Ko a wannan mawuyacin hali, al'adar gidan ta rubuta abin da ya faru ba ta yanke ba.

Ɗan Buhari, Alhaji Junaidu, wanda aka haifa a 1906 ya kuma zama Waziri a 1948, shi ya ɗauki alƙalamin kakan mahaifinsa ta wajen aiki, ko da yake ta wajen nasaba Giɗaɗo kakan ubansa ne na kusa, watau uban kakansa Ahmadu. Ya tattara abin da ya warwatse a littattafan magabata cikin Dabtul Multaƙaɗat, ya rubuta Tarihin Fulani da Hausa aka buga a Zariya a shekarun 1950, ya kuma buɗe taskar gidan ga masu bincike. A wurinsa Murray Last ya zauna a farkon shekarun 1960, ya karanta wasiƙu da littattafan da gidan ya adana, ya fitar da littafinsa a kan daular Sakkwato a 1967, wanda kashi mai yawa nasa tarihin waziran ne. Waziri Junaidu ya rasu a watan Janairu na 1997, bayan ya shekara kusan 49 a kan muƙamin, kuma sunansa aka sa wa hukumar adana tarihi da al'adu ta Jihar Sakkwato, inda ake ajiye da tsofaffin takardu da littattafan daular.