Tarihin Bobby Jones, ɗalibin da ya fifita mutunci a kan kofi

Fiye da shekara 50 ke nan da rasuwar Robert Tyre Jones, wanda duniya ta fi sani da Bobby Jones, amma har yau ba a gama maganarsa ba a fagen wasan golf. Shi kaɗai ne ya taɓa lashe manyan gasanni huɗu na zamaninsa a cikin shekara guda. Ya yi haka ne yana ɗan wasan sha'awa, wato wanda ba ya karɓar ladan kuɗi idan ya ci gasa, domin rayuwarsa ta yau da kullum tana aji ne da ofis. Ya yi karatu a jami'o'i uku, ya yi aikin lauya, ya kuma ajiye gasa yana da shekara 28 kacal.

Ga wanda bai saba da wasan ba, golf wasa ne da ake buga 'yar ƙaramar ƙwallo da sanduna a wani makeken fili mai ramuka 18, irin filin IBB da ke unguwar Maitama a Abuja ko tsohon filin Rayfield na Jos. Wanda ya zura ƙwallo a ramukan da mafi ƙarancin bugu shi ne ya yi nasara. Saboda faɗin filin, sau da yawa babu alƙalin wasa kusa da ɗan wasa, don haka shi ake sa ran zai kai ƙarar kansa idan ya karya doka. A wannan gaɓa ce sunan Jones ya fi tsayawa a zukatan mutane.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi ranar 17 ga Maris, 1902 a birnin Atlanta na jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Mahaifinsa lauya ne. Yaron ya taso da laulayi, har iyayensa suka riƙa kai shi East Lake, a bayan gari, domin ya sha iska ya samu ƙarfin jiki. A can akwai filin golf, akwai kuma wani mai koyar da wasan, Stewart Maiden, mutumin garin Carnoustie na ƙasar Sikotlan. Yaron ya riƙa bin Maiden a fili yana kallon yadda yake ɗaga sanda, ya koma gefe yana kwaikwayo. Daga nan salon bugunsa ya samo asali.

A filin akwai wata yarinya, Alexa Stirling, wadda ta ɗan girme shi, ita ma ɗalibar Maiden ce. Ita ta riga shi yin suna, domin ta lashe gasar mata 'yan sha'awa ta Amurka a 1916, ta sake ɗauka a 1919 da 1920. A shekarar 1916 ɗin ce Jones, yana da shekara 14, ya ci gasar jihar Jojiya, sannan ya je filin Merion ya kai zagayen 'yan takwas a gasar 'yan sha'awa ta ƙasa baki ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi da Stirling da wasu matasa sun zagaya garuruwa suna wasannin nuni domin tara wa ƙungiyar agaji ta Red Cross kuɗi.

Tsakanin aji da fili

Jones ya shiga kwalejin fasaha ta Georgia Tech da ke Atlanta, inda ya karanci injiniyancin na'urori, ya kuma buga wa ƙungiyar golf ta makarantar. Ya kammala a 1922. Daga nan ya tafi Jami'ar Harvard ya karanci adabin Ingilishi, ya samu digiri na biyu a jere a 1924. A Harvard dokar wasannin jami'o'i ta hana shi shiga ƙungiyar makarantar, tun da ya riga ya buga wa wata. Sai ya karɓi aikin mataimakin manajan ƙungiyar, yana yi wa 'yan wasan da ya fi su nesa ba kusa ba hidima.

A 1924 ya auri Mary Malone, wadda ta haifa masa 'ya'ya uku. A 1926 ya shiga sashen shari'a na Jami'ar Emory, bai ma jira ƙarshen kwas ɗin ba ya zauna jarrabawar lauyoyi ta jihar ya ci, ya shiga ofishin mahaifinsa. Ma'anar wannan ita ce, a shekarun da yake karawa da ƙwararrun da golf ne abincinsu, irin su Walter Hagen da Gene Sarazen, shi 'yan watanni kawai yake ba wasan a shekara. Sauran lokacin na littafi ne da iyali.

Yaƙi da zuciya

Baiwa ba ta taɓa zama matsalarsa ba, zafin zuciya ne ya so ya kassara shi. Yana matashi, idan bugu ya ƙi masa, sai ya yi jifa da sanda yana zage-zage, har hukumar golf ta Amurka ta ja masa kunne. Abin ya kai maƙura a 1921, lokacin da ya je garin St Andrews na Sikotlan, inda ake ɗauka a matsayin mahaifar wasan, domin gasar British Open. A zagaye na uku wasa ya dagule masa. Da ya kai rami na 11 sai ya ɗauke ƙwallonsa ya fice daga gasar. Jaridun Birtaniya ba su raga masa ba, shi ma abin ya daɗe yana damunsa.

Hausawa kan ce hali zanen dutse ne, amma Jones ya kankare nasa. Ya daina jifa da sanda, ya koyi haɗiye fushi. Fushin bai tafi ba, ciki ya koma, shi ya sa a lokacin manyan gasanni yakan kasa cin abinci, ya rame. Shekara bakwai ya yi yana shiga manyan gasanni ba tare da ya ɗauki ko ɗaya ba. Sai a 1923, a filin Inwood na jihar New York, ya doke Bobby Cruickshank a wasan raba gardama ya ɗauki kofin US Open. Wani ɗan jaridar Atlanta, O. B. Keeler, ya bi shi kusan ko'ina a waɗannan shekaru, kuma rubuce-rubucensa na cikin abin da ya adana tarihin.

Bugu ɗaya a Worcester

A 1925 aka yi gasar US Open a garin Worcester na jihar Massachusetts. A zagayen farko, a rami na 11, ƙwallon Jones ta faɗa cikin doguwar ciyawa. Yana gyara tsayuwa zai buga, sai ya ga ta ɗan motsa. Doka ta ce wanda ya jawo haka a ƙara masa bugu ɗaya a matsayin horo. Jami'an gasar ba su ga motsin ba, sun kuma yi ƙoƙarin nuna masa cewa babu abin da ya faru. Ya tsaya kai da fata a kan sai an rubuta masa horon.

Da aka kammala gasar, sai ga shi sun yi kunnen doki da Willie Macfarlane. Aka yi wasan raba gardama na ramuka 36, Macfarlane ya doke shi da bugu ɗaya. Da bai kai ƙarar kansa ba, bisa lissafi da babu buƙatar raba gardamar. Da mutane suka yi ta yabonsa, bai ji daɗi ba, domin a ganinsa bin doka ba abin da za a yaba wa mutum ba ne. Shekara 30 bayan haka, a 1955, hukumar golf ta Amurka ta ƙirƙiro lambar yabonta mafi girma, ta kyawun hali a fagen wasa, ta sanya mata sunansa.

Shekarar 1930

A 1926 ya zama mutum na farko da ya haɗa kofin US Open da na British Open a shekara guda. A 1927 ya koma St Andrews, filin da ya taɓa ficewa daga cikinsa da kunya, ya ɗauki British Open, ya kuma nemi a bar kofin a garin maimakon ya tafi da shi Amurka. Tun daga ranar mutanen garin suka riƙe shi kamar ɗansu.

A 1930 ya yi abin da ba a taɓa yi ba. A ƙarshen Mayu ya lashe gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a St Andrews. A Yuni ya ɗauki British Open a Hoylake, kusa da Liverpool. A Yuli ya ɗauki US Open a filin Interlachen na jihar Minnesota. A Satumba ya koma Merion, inda ya fara fitowa yana ɗan shekara 14, ya doke Eugene Homans a wasan ƙarshe na gasar 'yan sha'awa ta Amurka. Wannan haɗuwar kofuna huɗu ita ake kira Grand Slam. Jimillar manyan kofunansa ta kai 13: US Open huɗu, British Open uku, na 'yan sha'awa na Amurka biyar, na Birtaniya ɗaya. A watan Nuwamba na shekarar ya sanar da cewa ya bar gasa.

Augusta da ƙofar da aka rufe

Bayan ajiye gasa ya ci gaba da aikin lauya, ya yi finafinan koyar da golf da kamfanin Warner Bros, ya kuma taimaka wa kamfanin Spalding wajen tsara sanduna. Shi da wani mai hada-hadar kuɗi, Clifford Roberts, suka kafa filin Augusta National a jihar Jojiya, wanda ya tsara tare da Alister MacKenzie. A 1934 aka fara gasar da daga baya ta zama Masters, ɗaya daga cikin manyan gasanni huɗu na yanzu. A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin tattara bayanan sirri a rundunar Amurka, har ya sauka a Normandy ta Faransa a 1944.

A nan ne kuma tarihinsa yake da tabo. Jones ɗan kudancin Amurka ne na zamanin wariyar launin fata, kuma kulob ɗin da ya kafa ya tafi a kan wannan tsari. Baƙaƙen fata ne suke ɗaukar wa 'yan wasa jakunkunan sanduna a Augusta, amma babu baƙar fata ko ɗaya da ya buga Masters har Jones ya rasu, duk da akwai ƙwararru irin su Charlie Sifford. Sai a 1975 Lee Elder ya karya wannan shinge. Kulob ɗin bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai a 1990, mata kuwa sai a 2012. Ita kanta Georgia Tech ba ta ɗauki ɗalibai mata ba sai a 1952, baƙaƙen fata kuma a 1961. Mutumin da bai yarda a yafe masa bugu ɗaya ba, bai yi amfani da kwarjininsa ya buɗe wannan ƙofa ba. Masu nazarin rayuwarsa na ajiye wannan gefe da gefe da labarin Worcester.

Jinya da rasuwa

A 1948 ya buga zagayensa na ƙarshe a East Lake. Wata cuta ta laka ta kama shi, tana cin ƙarfin hannuwansa da ƙafafunsa sannu a hankali, daga sandar dogarawa har ya koma keken guragu. Ya yi fiye da shekara 20 a haka, yana zuwa ofis, yana amsa wasiƙu, kuma waɗanda suka zauna da shi sun shaida cewa ba mai yawan koke ba ne. A 1958 ya jagoranci tawagar 'yan sha'awa ta Amurka zuwa St Andrews, inda garin ya ba shi matsayin ɗan gari na girmamawa. Kafin shi, Benjamin Franklin ne kaɗai Ba'amurken da ya samu wannan, a 1759. Jones ya rasu ranar 18 ga Disamba, 1971 a Atlanta, yana da shekara 69.

Waɗanda suka biyo sawu

Ƙungiyar golf ta Georgia Tech ta ci gaba da fitar da zakaru. Watts Gunn, wanda Jones ya doke a wasan ƙarshe na gasar 'yan sha'awa ta 1925, ya zama zakaran jami'o'in Amurka a 1927. Charlie Yates ya ɗauki gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a 1938. Larry Mize ya ci Masters a 1987, David Duval da Stewart Cink suka ɗauki British Open a 2001 da 2009. A 2023 Christo Lamprecht, ɗan Afirka ta Kudu da ke karatu a makarantar, ya lashe kofin 'yan sha'awa na Birtaniya, wanda Jones ya ɗauka shekara 93 kafin nan.

Ɗalibai mata sun bi tasu hanyar, wadda ta fi tsawo. Gasarsu ta farko tsakanin jami'o'i an yi ta ne a Jami'ar Jihar Ohio a 1941, kuma dokar 1972 da ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da gwamnatin tarayya ke tallafawa ce ta sa jami'o'i da yawa suka kafa musu ƙungiyoyi. A 2015 aka fara gasar East Lake Cup, wadda ke haɗa fitattun ƙungiyoyin jami'o'i na maza da na mata, a filin da Jones da Alexa Stirling suka koyi wasa. A 2019 Augusta ta fara gasar mata 'yan sha'awa, Jennifer Kupcho, ɗalibar Jami'ar Wake Forest, ta ɗauki kofin farko. Tun 1976 kuma akwai tallafin karatu da sunan Jones, wanda ke musayar ɗalibai tsakanin Jami'ar Emory da Jami'ar St Andrews, kuma ba sai wanda ya iya riƙe sandar golf ake ba shi ba.