Hokusai, Dattijon da Ya Zana Igiyar Ruwa

Ɗalibai, kun taɓa ganin hoton wata ƙatuwar igiyar ruwa, shuɗiya mai farin kumfa, ta taso kamar za ta haɗiye jirage uku? Idan kun duba da kyau, za ku hangi wani dutse can nesa, kansa fari fat da ƙanƙara. Wannan shi ne Dutsen Fuji na ƙasar Japan. Wanda ya zana hoton kuwa sunansa Katsushika Hokusai.

An haifi Hokusai a shekarar 1760 a birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokyo. Tun yana yaro ya koyi sassaƙa, daga baya ya zama almajirin wani gwanin zane mai suna Shunsho.

Ku sani, a zamaninsa irin wannan hoto aikin mutum uku ne. Mai zane zai zana shi a takarda. Masassaƙi ya manna takardar a kan allon katako, ya sassaƙe ko'ina, ya bar layukan zanen kaɗai. Sai mai bugawa ya shafa launi a allon, ya shimfiɗa sabuwar takarda, ya murza. Kowane launi da allonsa. Ta haka ake buga hoto ɗaya da yawa, har talaka ma ya iya saya.

Rayuwar Hokusai ba ta hutu ba ce. Ya sauya suna fiye da sau 30, an kuma ce ya sauya gida fiye da sau 90. Yana da shekara kusan 70, bashin da jikansa ya ci ya jefa shi cikin talauci. A wannan hali ne, wajen 1831, ya fitar da jerin hotuna 36 na Dutsen Fuji. Da suka sami karɓuwa, aka ƙara 10. Hoton igiyar ruwan Kanagawa yana cikinsu. Ku lura da matuƙan jiragen: sun duƙa, sun rirriƙe jiragensu, ba su san ko za su kai gaɓa ba.

A 1839 gobara ta cinye gidansa da zane-zanensa masu yawa, amma bai ajiye alƙalami ba. 'Yarsa Oi, ita ma gwanar zane, ta zauna tare da shi tana taya shi aiki. Ya rasu a 1849 yana dab da shekara 90, yana fatan ƙarin kwana don ya ƙara ƙwarewa. Lallai gemu ba ya hana ilimi.

Tun 2024 igiyar nan tana bayan takardar kuɗin Japan ta yen 1,000.

Tambayoyi
1. Su wa ke haɗuwa su yi hoton bugun katako?
2. Waɗanne wahalhalu Hokusai ya sha a tsufansa?