Reisswitz, Hafsan Da Ya Ɗauko Fagen Yaƙi Ya Shimfiɗa A Kan Tebur

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan dara, ko a gefen Kasuwar Shanu ta Potiskum ko a wata inuwa a ƙauyensu, ya san cewa babu abin da ke ɓoye a wasan. Kowane ɗan wasa yana ganin 'ya'yansa da na abokin karawarsa, kuma hannunsa ne ke aiwatar da abin da zuciyarsa ta yanke. Yaƙi ba haka yake ba. Mutumin da ya fara shigar da wannan bambanci cikin wasan tebur har sojoji suka karɓe shi a matsayin horo shi ne Georg von Reisswitz, wani ƙaramin hafsa na masarautar Purushiya, wadda wani ɓangarenta ke cikin Jamus ta yau.

An haife shi a 1794, ya kuma tashi a zamanin da Napoleon na Faransa ya addabi Turai. Wasan gado ne a gidansu. Mahaifinsa ya ƙera wani tebur na katako mai ɗauke da siffar tuddai da koguna, ya miƙa wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku a 1812. Fada ta yi sha'awarsa, sai dai ya fi kama da kayan nishaɗin 'ya'yan sarki. Ɗan, wanda ya zama hafsa a rundunar manyan bindigogi, shi ya ɗauki aikin ya sake masa fasali tare da abokansa a Berlin, ya wallafa dokokinsa a 1824. Sunan wasan Kriegsspiel, wato wasan yaƙi.

Ya ajiye teburin mahaifinsa ya kawo taswira ta gaske, inda santimita ɗaya ke daidai da mita 80 a ƙasa. Ƙananan tubala masu launin ja da shuɗi su ne rundunoni, kowane zagaye na wasa kuma minti biyu ne na yaƙi. Idan aka yi arangama, ana jefa ƙwaya irin ta ludo a duba jadawali, domin ko kyakkyawan shiri yakan gamu da rashin sa'a.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne rabon aiki. Kowane ɓangare yana iya ƙunsar mutane da dama: babban kwamanda, da na ƙasa da shi masu riƙe da dakaru ko sojan doki ko manyan bindigogi. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai alƙalin wasa, shi kaɗai ya san inda kowa yake. Ɗan wasa ba ya taɓa tubalinsa. Umarni yake rubutawa ya miƙa wa alƙali, alƙali ya motsa rundunar gwargwadon yadda ya fahimci takardar, sannan ya nuna masa abin da sojojinsa za su iya hangowa daga inda suke tsaye, ban da ƙari. Ko abokin tafiyarka, idan rundunarsa ta yi nisa da taka, ba ka da damar yi masa magana baki da baki duk da kuna ɗaki ɗaya. Sai ka rubuta, a lissafa lokacin da ɗan aike zai ɗauka a kan doki kafin a ba shi. Sau da yawa saƙon yakan iso bayan al'amura sun sauya, kuma dole na ƙasa ya yanke hukunci da kansa bisa abin da ya fahimta na manufar shugabansa. Wanda ya taɓa rubuta takardar umarni a ofis, ya ga yadda ta koma wani abu dabam kafin ta kai hawa na ƙasa, ba ya bukatar dogon bayani a nan.

A 1824 ɗin aka gwada wasan a gaban Janar Karl von Müffling, shugaban hafsoshin tsare-tsare. Ya zo yana ɗari-ɗari, ya tashi yana mai cewa wannan ya wuce wasa, horon yaƙi ne. Sarki ya ba da umarnin a samar wa kowace runduna nata kayan.

Ɗaukakar ba ta daɗe ba. A 1826 aka ɗauke shi daga Berlin aka tura shi garin Torgau, canjin wurin aikin da mutane suka ɗauka a matsayin kora daga fada, bisa zargin ya yi maganganun da ba su dace ba a kan manyansa. Abin ya karya masa zuciya. A 1827 ya kashe kansa, yana ɗan shekara 33 ko kusa da haka.

Wasan ya rayu a hannun ƙananan hafsoshi, cikinsu har da Helmuth von Moltke, wanda ya zama shugaban hafsoshin tsare-tsare a 1857. Bayan Purushiya ta doke Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka shiga neman sirrin. A Ingila, Kyaftin Evelyn Baring ne ya fitar da dokokin da Turanci a 1872, mutumin da daga baya ya zama Lord Cromer, mai juya akalar Masar. A 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa littafin Little Wars, ya mayar da tubalan zuwa 'yan sojojin wasa da fararen hula ke jerawa a falo. Ja da shuɗin da Reisswitz ya zaɓa kuwa har yau su ne launukan da rundunoni da dama ke bambanta abokan gaba da nasu a atisaye.