Bature Mai Ƙamus: G. P. Bargery

Ran da na fara shiga aji ɗaya na sha dariya wurin yara. Malam ya tambaye ni kwana nawa na yi ban zo ba, na ce biyal. Da aka tashi tara kuma na ce wa wani yaro ya zamna, sai aji ya ɗauka, aka laƙa mini suna Ɗan Zakka. Abin ya ci mini rai ƙwarai, har na riƙa kama bakina, ina tsammanin Hausar iyayena ce ba ta da kyau. Sai a aji huɗu malaminmu na Turanci ya nuna mini wani ƙaton littafi, ya ce in duba kalmomin da aka yi wa alamar Katsina. Littafin nan shi ne ƙamus na Bargery, kuma tarihin mai shi nake so in ba ku.

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter ta ƙasar Ingila cikin 1876. Ya zo ƙasar nan cikin 1900, yana ɗan mishan, tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato. Ya yi wajen shekara goma, ciwo ya mai da shi gida. Da ya sami sauƙi sai ya komo, ya kama aiki a ma'aikatar ilmi ta gwamnati. Cikin 1921 aka ɗora masa aikin tattara kalmomin Hausa, bai ga fitowar littafin ba sai 1934, da maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya yi aikin. Bai zauna Kano kaɗai ya ce abin da ya ji nan shi ne Hausa ba. Ya yi ta yawo ƙasa ƙasa yana zama da malamai da masu sana'a yana tambaya. In kalma ta Katsinawa ce sai ya sa mata alama, in ta Sakkwatawa ce haka, bai ce wata kuskure ba ce. Wannan bambancin magana tsakanin gari da gari shi masana suke kira karin harshe. Hausar da muke rubutawa a jarrabawa kuwa ita ce daidaitacciyar Hausa, an gina ta bisa Kananci don kowa ya yi rubutu iri ɗaya. Turanci ma haka yake, mutumin Landan da na Sikotilan ba bakinsu ɗaya ba. Nazarin irin waɗannan abubuwa, watau yadda gari da sana'a da shekaru suke sāke maganar mutum, shi ake kira ilmin walwalar harshe a jami'o'inmu.

Kalmomin da ya tara sun kai wajen 39,000. A ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai ya jera fiye da 300 masu nuna girma. Ni da nake Bahaushe ban iya kawo ashirin ba da na gwada! Ya nuna kalmomin aro, kamar waɗanda muka samo daga Larabci. Sa'an nan ya nuna tsawon wasali, abin da ya raba gari na mutane da gari na tuwo, da karin sauti, wanda ya raba kukan yaro da kukar miya. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna su, shi ya sa baƙo yake shan wuya. Wani Bature, R. C. Abraham, ya taimake shi na ɗan lokaci, daga baya shi ma ya fitar da nasa ƙamus cikin 1949.

Amma kada a manta, kalmomin nan daga bakin kakanninmu suka fito, kuma mu ɗalibai sunan Bargery kaɗai muka riƙe. Wannan yana damuna in na tuna.

Bayan ƙamus ya koyar da Hausa a Jami'ar Landan har 1947. Cikin 1953, yana tsoho mai shekara 77, ya sake komowa Kano don gyaran fassarar Sabon Alkawari, idanunsa kuwa suna ta mutuwa har ya makance. Ya rasu a Ingila cikin 1966. Yanzu an sa ƙamus ɗin a intanet. Da na je hutu Zakka na yi ta karanta wa kakata kalmomin da ke da alamar Katsina, tana gyara mini yadda ake faɗinsu.