Louis Armstrong: Mai Busa Ƙahon da Ya Yi Raha da Sardauna

A watan Oktoba na 1960, ana cikin murnar samun 'yancin kai, wani baƙar fatan Amurka ya sauka a Kaduna da ƙahonsa. Akwai hotonsa yana raha da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Baƙon nan shi ne Louis Armstrong, kuma duk ɗalibin da ke son fara tara kiɗan jaz, to ta ƙofarsa ya kamata ya shiga.

An haife shi ranar 4 ga Agusta, 1901, a birnin New Orleans. Uban ya watsar da gida tun yana jariri, talauci ya yi musu katutu, har ya zama yana tallan gawayin kwal da tsince-tsince. Daren shiga shekarar 1913 ya ɗauki bindiga ya harba sama don murna, aka kama shi, aka kai shi gidan horon kangararrun yara. To, ka ji ikon Allah: a can ne wani malami, Peter Davis, ya koya masa busa ƙaho yadda ya kamata. Yaron da aka kai gidan horo ya fito da sana'ar da ta zagaya da shi duniya.

Daga nan ya shiga hannun ubangidansa, Joe Oliver, ya kuma yi busa a jiragen ruwan kogin Mississippi. A 1922 Oliver ya kira shi Chicago. Tsakanin 1925 da 1928 ne ya naɗi faya-fayan da suka sauya jaz baki ɗaya, da ƙungiyoyinsa Hot Five da Hot Seven.

Me ya sauya? Kafin shi, makaɗan jaz sukan yi busa a tare, kowa na saƙa tasa a cikin ta ɗan'uwansa. Shi kuwa ya fito da mabushi guda fili, ya ɗauki karin da kowa ya sani ya juya shi nan take, ba tare da ya saki ƙa'idar kiɗan ba. Wanda ya taɓa tsayawa a hawan sallah ya saurari mai algaita yana lanƙwasa take, ko ya ji yadda Shata ke ƙirƙirar baiti a tsaye kalangu na biye da shi, ai ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin saurare a jaz ke nan.

Bai tsira daga suka ba. Wasu matasan baƙar fata sun riƙa ganin yawan murmushinsa a gaban Turawa tamkar ƙasƙantar da kai ne. Amma a 1957, da gwamnan jihar Arkansas ya hana yara baƙar fata tara shiga makaranta a Little Rock, Armstrong ya fito ya caccaki Shugaba Eisenhower kan jan ƙafa, ya kuma fasa zuwa Tarayyar Sobiyet da sunan gwamnati. A lokacin, irin wannan magana tana iya raba mutum da abincinsa. A 1964, yana da shekara 62, waƙarsa Hello, Dolly! ta ture Beatles daga matsayi na ɗaya a Amurka. Ya rasu ranar 6 ga Yuli, 1971, a gidansa da ke Queens, New York, gidan da yanzu ya zama wurin tarihi.

To, da wanne za ka fara? Ga shawara, bi da bi, don kada ka ƙona data a banza.

Na farko, Ella and Louis (1956). Muryarsa mai kaushi da ta Ella Fitzgerald mai laushi, ga Oscar Peterson a fiyano. Shi ya fi sauƙin shiga kunne.

Na biyu, Louis Armstrong Plays W. C. Handy (1954). A nan za ka ji kiɗan bulus, tushen da jaz ya tsiro a kai.

Na uku, Satch Plays Fats (1955), inda ya rera waƙoƙin abokinsa Fats Waller. Akwai nishaɗi, akwai kuma kukan wariyar launin fata.

Na huɗu, faifan da ya yi da Duke Ellington a 1961, wanda ake samu da sunan The Great Summit.

Na ƙarshe, tarin Hot Five da Hot Seven. Naɗin tsoho ne, za ka ji ƙarar faifai, shi ya sa aka bar shi sai kunne ya saba. Ka nemi West End Blues na 1928, ka maimaita busar farkon sau uku.

In an yi hutu ka shiga motar gida, daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada faifai ɗaya ya ishe ka. 'Yan Doguwa kam, ku tanadi biyu, ku kuma sauke su a waya tun kafin ku shiga dajin Falgore. A sauraron farko ka bi waƙar. A na biyu ka kasa kunne ga ƙahon kaɗai.